Bayani Ga 'Yan Kasuwa Da Dillalai A Kan Sayayya Da Katin Banki Ta Intanet

A wannan karo, bayan farashin gero da dawa da masara, mun ga ya kamata mu yi magana a kan katin banki, watau wanda ake ce wa katin ATM, da yadda mutum zai tsare dukiyarsa in zai biya kuɗin kaya da shi ta intanet.

Tun shekarar 2012 Babban Bankin Nijeriya ya fara tsarin rage mu'amala da tsabar kuɗi, ya fara da Legas, amma abin bai kama mu sosai ba sai farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, sa'ad da takardar naira ta yi wuyar gani. A nan ne wanda ya rantse ba zai taɓa kati ba ya taɓa. To, daga cire kuɗi a wurin mai POS abin ya wuce, yanzu ga mutanenmu suna sayen sikeli da injin ɗinkin buhu da tampol da fitilar sola ta waya, suna biya da kati, ba su ga mai kaya ba, shi ma bai gan su ba.

Ku sani, 'yan uwa, wannan kati ba na bashi ba ne. Akwai wani iri da aka fi yi a Turai da Amurka, banki ya biya maka, kai kuma ka biya shi daga baya, in ka jinkirta ya ɗora ruwa. Mu ba ruwanmu da wannan. Namu, ko Verve aka rubuta a jikinsa ko Mastercard ko Visa ko AfriGO wanda aka fito da shi a 2023, kuɗinka ne na kanka yake ɗiba daga asusunka, nan take. Saboda haka in an cuce ka ba kuɗin banki ne ya tafi ba, jarinka ne, kuma kai za ka yi ta zirga-zirga kana neman a dawo maka da shi, ga kaka ta yi, farashi yana ƙasa, hannunka babu abin sari.

Ga inda mutane da yawa ba su gane ba. In za ka cire kuɗi a inji ko a POS, sai kati ya zo da kansa, sa'an nan ka danna lambar sirri guda huɗu. Amma a intanet ba a bukatar katin ya zo. Abin da ake nema shi ne rubutun da ke jikinsa: doguwar lambar nan, galibi 16, ta Verve takan kai 19, da wata da shekarar da zai daina aiki, da wasu ƙananan lambobi uku da ke bayansa, ana ce musu CVV. Wanda ya ɗauki hoton katinka gaba da baya, kamar wanda ya karɓi makullin sitonka ne ya kai wa maƙeri ya ƙera irinsa, ya dawo maka da naka. Makulli yana aljihunka, hankalinka kwance, buhuna kuwa suna fita da dare.

Wani zai ce ai sai an aiko masa da lamba a waya kafin kuɗi ya fita. Gaskiya ne, yawancin shagunan gida sai banki ya aiko da lambar nan ta amfani sau ɗaya, mai suna OTP, galibi guda shida. Amma fa ba ko'ina ba. Akwai shagunan ƙasashen waje da ke cire kuɗi da waɗancan abubuwa uku kaɗai. Har wa yau, in ka yarda wani shago ko wata manhaja ta ajiye katinka a biyan farko, to nan gaba za ta iya ɗiba ba tare da an sake tambayarka ba. Haka masu ba da rance ta waya suke yi, haka masu kuɗin wata-wata suke yi. In aka tambaye ka a ajiye kati, ka ce a'a. Sake rubuta lamba 16 bai kai ɗaukar buhu wuya ba.

Ita kuwa OTP ɗin, ɓarawo ba ya fasa banki ya ɗauko ta, roƙonta yake yi a bakinka. Zai bugo waya da ladabi, da Hausa tsantsa, ya yi sallama, ya kira ka Alhaji, ya faɗi cikakken sunanka, watakila har da ranar haihuwarka. Ya ce daga banki ne, an ga matsala a BVN ɗinka, za a rufe asusu yau in ba a gyara ba. Ko ya ce tallafin gwamnati ne ya fito da sunanka. Sa'an nan ya ce yanzu za ka ga wata lamba ta shigo, ka karanto masa. To, a daidai lokacin nan shi yana can ya riga ya zuba lambobin katinka a wani shago, saura wannan kaɗai yake jira. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar lambar sirri ko OTP ko lambobi ukun bayan kati ta waya. Duk wanda ya tambaya, ko da muryar limamin unguwarku ya zo, a kashe waya. In zuciya ba ta kwanta ba a taka zuwa reshen banki, ko a kira lambar da ke rubuce a bayan kati. Gaggawar nan da yake sa ka ita ce alamarsa. Mu da muke ciniki mun san mai cewa "saya yanzu-yanzu ko ka rasa", yawanci akwai tsakuwa a ƙasan buhu.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi shafarmu mu masu karatun allo. Saƙon banki da Turanci yake zuwa, da baƙaƙen boko, shagon intanet ma haka. Don haka da yawanmu sai mu miƙa wa yaron shago kati da waya, ko ɗa, ko mai POS na bakin layi, mu ce "yi mini". Wakilci halal ne, kuma ba mu ce yaranmu ɓarayi ne ba, Allah ya kiyaye. Amma yaro nagari ma yakan zuba lambar kati a wayarsa ya manta, wayar ta ɓata ko ya sayar da ita a Farm Centre. Yakan ɗauki hoton kati don sauƙi, hoton ya zauna a WhatsApp. Kuma amana in ta yi nauyi, ɗora wa matashi ita duka ba adalci ba ne a gare shi. Wanda bai taɓa riƙe miliyan ba, ka ba shi ƙofar miliyan talatin, ka ce ya sayo maka fitila?

Maganin wannan, a ganinmu, tsohuwar dabara ce ta fatake, ba a zuba guzuri da uwar kuɗi a jaka ɗaya. A buɗe asusu biyu. Na farko shi ne na jari, inda kuɗin tirela ke shiga, katinsa ba ya zuwa intanet ko sau ɗaya, ba ya kwana a hannun kowa. Na biyu ƙarami ne, na cefane, yana da nasa kati. In za a sayi sikeli na naira dubu tamanin, a tura dubu tamanin da ɗan abin caji a cikinsa, a biya, a bar shi kusan wayam. Ko da ɓarawo ya sami lambobinsa duka, abin da zai tarar bai wuce kuɗin goro ba. Wannan kati na biyu shi za ka ba yaro, kuma kana zaune ya yi a gabanka. In OTP ta shigo ka duba adadin kuɗin da ke cikin saƙon, in an rubuta shi, domin lamba dai kowa yana karantawa ko bai yi boko ba. Bankuna da yawa kuma suna bari ka rufe hanyar intanet ta katinka, ko ka sa iyakar abin da zai fita a yini. Ka roƙi ma'aikaci ya nuna maka, haƙƙinka ne.

Sai kuma shi mai kayan. Malamanmu da suka yi bayanin cinikin salam, watau ba da kuɗi kafin kaya, sun sharɗanta a san siffar kaya da awonsa da lokacin da za a kawo. To, ina ga wanda ba ka san ma ko akwai shi ba? Manyan shaguna irin su Jumia da Konga, waɗanda suka fara tun 2012, suna da ofis da hanyar mayar da kaya, kuma a kan wasu kaya ana yarda ka biya bayan an kawo. In da wannan hanya, ita muka fi so. Amma hoton injin da aka liƙa a Facebook da rabin kuɗinsa na kasuwa, aka ce danna nan ka biya, wannan sai hattara. Macuta sukan gina shago na jabu mai kama da na gaskiya, su sauya harafi ɗaya a sunansa. Kada a bi mahaɗin da aka turo ta saƙo, a shiga ta manhajar shagon ta asali. Ɗan hoton kwaɗon nan da wasu wayoyi ke nunawa kusa da sunan shago, ma'anarsa hanya a tsare take tsakaninka da shi, ba shaida ba ce cewa mai shagon mutumin kirki ne. Macuta ma suna sa shi.

Layin wayar da banki ke aiko saƙo a kai, a riƙe shi kamar kati. A sa masa lambar sirri tasa, ban da ta buɗe waya, domin ɓarawon waya layi yake fara zarewa ya sa a wata. Kada a yar da tsohon layi alhali yana haɗe da asusu, kamfani yakan sayar wa wani da shi in ya daɗe ba ya aiki. In kuwa layi ya ɗauke haka kawai, na maƙwabta suna aiki, a garzaya ofishin kamfanin a ranar, a kuma sanar da banki, domin mai yiwuwa wani ya yi masa welkam bak da sunanka. Kuɗin alat da ake cirewa kuma kada a yi ƙyashinsa, shi ne mai gadin da ke tashinka.

In ƙaddara ta faɗa, ka ga kuɗi ya fita ba da saninka ba, abu na farko a rufe kati da asusu, kafin a kira kowa a ba shi labari. Bankuna suna da gajeruwar lamba ta rufewa wadda ake dannawa ko da wayar wani ce. Kowa ya tambayi ta bankinsa tun yau, ya rubuta ta a bangon littafin bashinsa. Sa'an nan a je banki a rubuta koke, a karɓi lambar shaidar koken, kada a yarda da "za mu duba" ta fatar baki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, to mu ma mu riƙe rubutu: saƙon alat, da rasit, da rana da lokaci, kada a goge ko ɗaya. In mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ana ɗaukaka ƙara zuwa sashen kare haƙƙin masu hulɗa da banki na Babban Banki, tare da waccan lambar shaida. Ana kuma kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC. Saurin kai koke yana da amfani ƙwarai, domin in kuɗin bai bar asusun da aka tura shi ba banki yana iya tare shi, in kuwa an rarraba shi an cire a wurin masu POS, dawo da shi sai an sha wuya.