Dalilin da ya sa bidiyon kyamarar mota ke dusashewa idan an ɗora shi a intanet

A cunkoson yamma na hanyar Nyanya zuwa Mararaba, ba baƙon abu ba ne wata mota ta goge wa direba gefe ta tsere. Wanda ya maƙala kyamara a gilashin gaba kan samu natsuwa, domin lambar motar ta fito tangaran a bidiyonsa. Amma da zarar ya tura shi ta WhatsApp ko ya ɗora a Facebook don cigiya, sai lambar ta koma dishi-dishi, ba a bambance 3 da 8.

Laifin ba na kyamarar ba ne. Shafukan bidiyo kan sake matse duk abin da aka ɗora musu domin rage nauyinsa. Tsarin matsewa irin su H.264 na adana abin da ya sauya ne daga hoto zuwa hoto na gaba, ga shi kuwa a mota mai gudu komai sauyawa yake yi: kwalta, itatuwa, ƙura. Da an rage nauyi, ƙananan abubuwa kamar lambar mota ne ke fara salwanta, musamman da dare.

Matakin farko shi ne ceto asalin fayil ɗin. Irin waɗannan kyamarori na naɗa ne a gutsattsarin minti 1, 3 ko 5, kuma idan katin memori ya cika sai su hau kan tsofaffin. Don haka a danna maɓallin kulle bidiyon ko a zare katin, sannan a kwafe shi a kwamfuta ba tare da an taɓa komai ba.

Wajen turawa ta WhatsApp, a aika shi a matsayin Document, wanda ke ɗaukar har gigabait 2 ba tare da matsewa ba. Idan YouTube ne, kamfanin ya ba da shawarar megabit 8 a daƙiƙa ga bidiyon 1080p, don haka kada a sauko ƙasa da hakan wajen yanke shi. A kuma yi haƙuri kafin yaɗa adireshin, domin maras ingancin ne ke fara fitowa kafin shafin ya kammala sarrafa mai kyau.

Batun ya wuce kyan kallo. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanadi cewa hujjar da ta fito daga na'ura ta zo da takardar da ke bayyana yadda aka samar da ita. Ko a gaban kotu, ko 'yan sanda, ko kamfanin inshora, asalin fayil mai ɗauke da rana da lokaci ya fi kwafin da ya zaga wayoyi goma ƙarfi. Na intanet na jama'a ne su gani. Na katin memori shi ne abin riƙewa.