Injin Sassaƙa Da Laimar Kudu: Wane Irin Tebur Ya Dace?

A 'yan shekarun nan wani sabon inji ya shigo sana'ar kafinta a Nijeriya, wanda a ke kira CNC. Shi wannan inji kwamfuta ce ke yi masa jagora. A kan zana ƙofa ko kan gado a cikinta, sa'an nan bakin injin ya bi zanen yana yanka, yana sassaƙa fure da rubutu a jikin katako. Asalin dabarar daga Amurka ta ke, inda aka nuna inji na farko mai aiki da lambobi a makarantar fasaha ta MIT cikin 1952. Yanzu kuwa ana samunsa a shagunan kafintoci da masu yin allon talla a Ikko da Fatakwal da wasu manyan garuruwa.

Amma akwai wani abu da masu sayensa ba su cika kula da shi ba, wato teburin da a ke shimfiɗa aiki a kai. Injin ba shi da ido. Idan an umarce shi ya nutsa milimita 2, iyakar abin da zai yi ke nan, yana ɗauka cewa teburin a miƙe ya ke. In kuwa wani gefe ya kumbura da milimita 1, sai zanen ya yi zurfi a nan, ya yi sama-sama a can. Allo ya ɓaci, lokaci ya tafi, mai aiki kuma ya ƙi karɓa.

Babban mai kawo wannan ɓarna shi ne laima. Katako yana shan ruwa daga iska, yana kuma mayar da shi. A Ikko danshin iska ya kan wuce kashi 80 cikin 100 da damina, sai katako ya riƙe ruwa wajen kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. A Kano kuwa, lokacin hunturu, danshin ya kan sauka ƙasa da kashi 20, ruwan cikin katako ya koma wajen kashi 5. Allo mai faɗin ƙafa 1 yana iya raguwa da rabin santimita tsakanin waɗannan yanayi biyu. Shi ya sa ƙofar da aka yi a Kudu ta kan tsage in ta sha hunturun Arewa. Saboda haka gundarin katako, ko da maɗaci ne ko iroko, bai dace da teburin inji ba.

Abin da aka fi amfani da shi shi ne allon MDF, wanda a ke yi da niƙaƙƙen katako da gam, aka kuma fara yinsa don kasuwa a Amurka a shekarun 1960. Yana zuwa ƙafa 8 da ƙafa 4, yana da araha, fuskarsa sumul. Amma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Gefensa yana zuƙar ruwa kamar soso, kuma idan ya jiƙa ya kumbura ba ya komawa yadda ya ke ko ya bushe. Akwai irinsa mai jure laima, wanda galibi a kan yi wa launin kore, amma shi ma jinkirta kumburin kawai ya ke yi.

Filawud ya fi shi haƙuri, domin an liƙa sirararan faifayensa ne a gicciye, kowane yana hana ɗan'uwansa motsi. Wanda a ke yi don jiragen ruwa shi ne mafi inganci, saboda gam ɗinsa ba ya saki cikin ruwa. Aibinsa shi ne ya kan karkace idan ba a ɗaure shi sosai ba.

Alminiyan ba ya shan ruwa ko kaɗan, kuma a kan yi masa ramuka na ɗaure aiki. Sai dai zafi yana miƙar da shi: mai tsawon ƙafa 8 zai ƙaru da wajen rabin milimita idan zafi ya hau da digiri 10, wato kusan ninki biyu na abin da baƙin ƙarfe zai yi. Ban da haka, inda iskar teku mai gishiri ke kaɗawa, haɗa shi da baƙin ƙarfe fata da fata yana sa ya rinƙa cinyewa, sai an sa fenti ko roba a tsakani. Akwai kuma allon Bakelite da danginsa, wanda Leo Baekeland ya gano sinadarinsa cikin 1907. Laima ba ta cika damunsa ba, amma yana da tsada da nauyi.

To, wanne za a zaɓa? Gaskiyar magana ita ce ba abu guda da zai yi aikin duka, domin teburin hawa biyu ne. Na ƙasa shi ne tushe, wanda a ke so ya daɗe tare da injin. A nan ne ya kamata a kashe kuɗi a sa alminiyan ko Bakelite a kan ƙarfen da aka yi wa fenti, in aljihu bai kai ba a sa filawud na jirgin ruwa, a shafe shi ciki da bai. Na sama kuwa allon hadaya ne, wanda bakin inji zai yi ta yanka har ya ƙare. MDF mai kaurin milimita 18 ya isa, tun da dai an san canja shi za a yi.

Sauran abin kula ne. Sabon allo a bar shi ya yi kwanaki a cikin shagon, a kwance, nesa da daɓen siminti, kafin a ɗora shi. A shafe gefunansa huɗu da fenti. A ɗaure shi da kusoshi masu yawa, a nutsar da kawunansu don kada bakin inji ya ci karo da su. Sa'an nan a sa injin da kansa ya feƙe fuskar allon da kamar rabin milimita, a maimaita da shigowar damina da kuma fitarta. Masu teburin da ke riƙe aiki da zuƙar iska su feƙe fuska biyu, kada kuma su yi musu fenti, domin ta cikin allon iskar ke bi.

Mutum ya tara dukiya ya sayi inji daga Sin ko Turai, bai kamata allo guda ya karya masa jari ba. Rigakafi dai ya fi magani.