Hali Zanen Dutse Ne? Abin Da Zaman Haya A Karmo Ke Nunawa

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Karmo, tsohon ƙauyen Gbagyi da baƙi suka cika bayan da hedkwatar ƙasa ta koma Abuja a 1991, ya san cewa a bakin rijiya ake auna mutum. Ga Bahaushe, ga Ibo, ga Tibi, tsakar gida ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Kafin wata ya zagayo an gama yanke wa kowa hukunci: wane mai girman kai ne, wance kuwa masifaffiya ce.

Hausawa kan ce hali zanen dutse, amma masanan halayyar ɗan Adam sun daɗe suna tababar haka. A 1957 Timothy Leary, wani masani na Amurka, ya ce ma'auni biyu ne ke bayyana mu'amalar mutum: ɗaya daga son mulki zuwa miƙa wuya, ɗayan daga ƙauna zuwa ƙiyayya. A 1969 Robert Carson ya ƙara da cewa fara'a takan jawo fara'a, gaba ta jawo gaba, mai danniya kuwa yakan sa abokin hulɗarsa ya rusuna. Ashe ke nan, kafin a kira maƙwabciyar nan masifaffiya, ya kamata a tambaya da wace irin fuska ake tarar ta da safe.

Walter Mischel ma ya girgiza masana a 1968, da ya nuna cewa dangantakar halin da aka auna da abin da mutum zai aikata a wani yanayi ba ta cika wuce 0.30 ba, alhali cikakkiyar dangantaka 1 ce. Mai kayan gwarin da ke daka wa yaransa tsawa a kasuwar Karmo, shi ne ke sassauta murya in mai gida ya zo karɓar kuɗin haya. Wanne ne halinsa?

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. A 1974 Anthony Kirk-Greene ya lasafta ta cikin siffofin mutumin kirki a wurin Bahaushe, tare da gaskiya da amana da haƙuri. To, saurayin da aka tarbiyyantar a Katsina da sunkuyar da kai gaban manya, in ya je neman bashin shinkafa wurin mai shagon da ya tashi inda ake ɗaukar kallon ido shaidar gaskiya, sai a ga kamar yana ɓoye wani abu. Ya koma ɗaki hannu wofi yana cewa mai shago marowaci ne, shi kuwa mai shago yana gaya wa matarsa yau ya tsira daga wani mayaudari.