Ayarin Gwanja a Bakin Dutse

Wanda ya tashi a Rijiyar Zaki, a kan hanyar da ta fito daga Ƙofar Kabuga ta nufi Gwarzo, bai san hawa ba. Ƙasarmu shimfiɗe take kamar tabarma, gona na bin gona. Dala da Gwauron Dutse su ne iyakar tudun da muka sani, yaro ma yakan haye su kafin raken hannunsa ya ƙare. Amma daga irin wannan ƙasa fataken goro suka riƙa tashi, su taka fiye da kilomita 1,000 zuwa Salga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, su keta dazuzzuka da duwatsun da ko a mafarki ba su taɓa gani ba.

Hanyar tsohuwa ce. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Abdullahi Burja, tsakanin 1438 da 1452, aka buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A ƙarni na 19 Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari ne suka riƙe ta. Bayan kaka, in ƙasa ta bushe, sai a ɗaure kanwa da turkuɗin Kura da jar fata da gabu, malamin ayari ya duba rana mai sa'a, a yi addu'a, a nemi gafarar iyaye, domin mai tafiya Gwanja yana iya shekara bai ga gida ba. Wani Bature mai suna Clapperton ya haɗu da wani ayari a Kayama cikin 1826, mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, ga dabbobi kusan haka.

Irin wannan taro ba ya tafiya da ka. Jagaba ne a gaba, shi ya san mashaya da mararraba. Uban dawaki yana riga kowa isa gari don ya daidaita kuɗin hanya da gaisuwar sarki. Madugu uban tafiya kuwa a baya yake, inda gajiyayyu da masu ciwo suke, ga makaɗinsa da ganga. Ni wannan tsari ne ya fi kama zuciyata: mutumin da ya fi kowa girma a ayari shi ne na ƙarshen isa zango.

Bayan an ƙetare Kwara a wajen Yawuri, an ratsa dajin Bargu da ya yi ƙaurin suna da 'yan fashi, an huta a Jugu, sai duwatsun Atakora su tsaya a gaba. Ɗaya daga cikin hanyoyin takan bi ta ƙasar Kotokoli, a arewacin Togo ta yau, ta Alejo da Bafilo, ta gangara Basar ƙasar maƙera, kafin Yandi da Salga. A kan duwatsun nan ne ake sanin ko ayari yana da shugaba. Hanyar da ake tafiya kafaɗa da kafaɗa a fili sai ta tsuke, dutse a dama, kwazazzabo a hagu, a koma bin juna ɗaya bayan ɗaya, jeren ya miƙe har na gaba ba ya jin muryar na baya. Jakin Kano, wanda ya saba da yashi da jigawa, yakan turje a kan tsakuwa. Inda mangala ba za ta wuce ba sai a sauke ta, a ɗauka a ka, a lallaɓa dabbar ta haye, a sake ɗaurawa. Mutanen kan dutse suna ganin kowa daga sama, don haka hikimar ita ce a biya su haƙƙin hanyarsu tun a gindi, ko da yake kwari da baka da takobi suna nan kusa da hannu.

Nauyin hawan nan a wuyan 'yan alaro yake. Mutum ya naɗa gammo, ya aza kaya, ya riƙe doguwar sanda. In numfashi ya ƙare sai a yi loko: ya jingina kayan a reshen itace, ya tokare da sandar, ya zame kansa daga ƙarƙashi ba tare da ya sauke ƙasa ba, don in ya sauke sai an taya shi ɗagawa. Da yawansu bayi ne, kuma ba a ajiye mana sunayensu ba. Matan ayari su ma da kayansu a ka suka hau, da an isa zango kuma, maza na kafa bukkoki, su ne a bakin murhu.

Dawowa ta fi wuya, saboda goro ɗan lele ne. Daga kurmin Asante ake kawo shi Salga, a jera shi cikin ganye, a ɗaure. Zafi na ɓata shi, bushewa na ɓata shi, sankara in ta kama ƙwaya ɗaya sai ta bi sauran. Dole a riƙa kwance shi a hanya, a tsince, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa, ko a kan dutse dare ya yi.

Yaƙin basasar Salga na 1892 ya watsa kasuwar. Alhassan Dantata, ɗan Agalawan Bebeji da aka haifa a 1877, yana cikin waɗanda suka fara aika goro ta teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911. Daga nan ƙafa ta huta. Kalmar zango ta zauna a can, ta zama sunan unguwannin baƙi a garuruwan Ghana da Togo.

Jiya na tsaya wurin wani dattijo mai goro a bakin titin Rijiyar Zaki. Ya yaye jiƙaƙƙen tsumman da ya rufe farantin, ya juya ƙwaya ɗaya a tsakanin yatsunsa, ya ga ɗan baƙin tabo a gindinta, ya ware ta gefe. Sannan ya tsoma hannu a kwano ya yayyafa wa sauran ruwa.