'Yar Chaina a ajinmu

A farkon wannan shekarar karatu aka kawo mana wata yarinya daga Dunkwa zuwa makarantar da nake koyarwa a nan Kumasi. Zan sakaya sunanta. Uwarta 'yar zango ce, ubanta kuwa ɗan Chaina ne da ya zo haƙar zinariya, ya koma ƙasarsu tun tana cikin tsumma. Ba a yi mako guda ba yara suka laƙaba mata suna: Galamse. Ran nan na tarar da ita tana kuka bayan aji, na tambayi yaron da ya tsokane ta me ta yi masa. Ya ce da ni, "Ticha, ai su ne suka ɓata mana ruwa."

Maganar yaron ba ƙarya ba ce zalla, shi ya sa ta tsaya mini a rai. Duk wanda ya tsallaka kogin Offin ko Pra ko Ankobra a 'yan shekarun nan ya ga yadda ruwan ya koma kamar koko. Kuma hannun 'yan Chaina a wannan ɓarna ba ɓoyayye ba ne. Yawancin waɗanda suka shigo harkar daga gunduma guda suka fito, Shanglin, a lardin Guangxi da ke kudancin ƙasarsu, inda mutane suka gaji wankin zinariya kaka da kakanni. Da farashin zinariya ya tashi, har ya haura dala 1,900 kan oza ɗaya a 2011, sai suka yi ta kwararowa. Da yawansu manoma ne da suka ci bashi wajen dangi suka sayo injuna. Da su ne motocin haƙa da injin nan da ake kira changfan suka bazu a dazuzzukanmu, aikin da a da ake yi da shebur da kwano ya koma na cinye gonar koko cikin 'yan kwanaki.

A 2013 gwamnatin John Mahama ta kafa kwamiti na musamman, aka yi kame, 'yan Chaina sama da 4,500 suka bar ƙasar. Uban ɗalibata yana cikinsu. Daga baya labarin En Huang ya mamaye gidajen rediyo, matar da kowa ya sani da Aisha Huang: an kore ta a 2018, ta sake dawowa, aka kama ta a 2022, sannan a watan Disambar 2023 babbar kotu a Ankara ta ɗaure ta shekara huɗu da rabi da tarar sidi 48,000. Tun daga nan, in ka ce ɗan Chaina a bakin shago ko a majalisar shayi, hoton da ke zuwa wa mutane ke nan.

To amma fa akwai tambayar da ba mu cika son yi ba. Dokar ma'adinai ta 2006 ta keɓe ƙaramin haƙar zinariya ga 'yan Ghana kaɗai. Mutumin da ya sauka daga jirgi ba ya jin Turanci, ba ya jin Tonanci, wa ya nuna masa daji? Wa ya ba shi fili, wa ya ara masa lasisi, wa ya kau da kai motar haƙa ta wuce shingen hanya? Ɗan ƙasa ne. Kuma mu faɗi gaskiya, samarin zangunanmu nawa ne suka bar makaranta suka tafi ramukan nan? Ni kaina na san biyu da na koyar. Bayan korar 2013 ma galamse bai mutu ba, injunan sun tsaya a hannun 'yan gida.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda muka manta cewa 'yan Chaina sun daɗe a ƙasar nan kafin zancen zinariya. Tun 1960 Ghana ta ƙulla hulɗar jakadanci da Chaina, zamanin Nkrumah. Masaƙar Akosombo, mai atamfar ATL da iyayenmu mata ke ɗaurawa ranar suna da ranar biki, Cha Chi-ming ne ya kafa ta a 1967, attajirin Hong Kong ɗin nan da ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna. Madatsar ruwan Bui da ke ba mu wuta kamfanin Sinohydro ne ya gina ta. Akwai mai gidan abinci, akwai mai sayar da takalma a sari, akwai malamin da ke koyar da harshensu a cibiyar Confucius ta Jami'ar Legon. Ba su san juna ba, ba yare ɗaya suke yi a gida ba, amma mu duk mun zuba su a kwando guda. Da na gaya wa ajina cewa a Chaina akwai ƙabilar Hui, Musulmi sama da miliyan 10, masu masallatai da suka yi ɗaruruwan shekaru, wallahi wasu sun ɗauka wasa nake.

Sauran baƙin Asiya sun fi samun sauƙi a bakinmu, wataƙila don mun saba da su. Indiyawa mun san su ta finafinai da kantunan Melcom, 'yan Labanon kuwa, waɗanda kakanninmu ke kira 'yan Siriya, sun haura shekara ɗari a Adum da Ankara, wasu jikokinsu sun fi ni Tonanci. Duk da haka, ranar da rigimar kasuwa ta tashi, su ma sai ka ji an tuna musu cewa baƙi ne.

Wannan kalma ta "baƙo" mu ne ya kamata ta fi yi wa ɗaci. A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Zanguna ne suka fi ji a jika. Kakata har ta rasu tana ba mu labarin maƙwabtan da suka sayar da gida da kaya a wulaƙance, suka hau manyan motoci zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba, domin a nan aka binne cibiyarsu. A lokacin ma cewa aka yi baƙi ne suka kawo sata da fasa-ƙwauri, su suka ƙwace kasuwa. Laifin wasu ƙalilan aka shafa wa kowa. Har yau ɗan zango da ya je yin katin ɗan ƙasa ya san irin kallon da ake masa da zarar ya faɗi sunansa, da tambayar nan ta "asalinku daga ina?"

Ba cewa nake a yi wa mai ɓata kogi sassauci ba. Wanda aka kama, ɗan Shanglin ne ko ɗan Obuasi, a kai shi kotu, a haɗa da mai ɗaure masa gindi. Amma yarinyar da ke ajina ba ta haƙa ramin kowa ba. Kundin tsarin mulkin 1992 ya ce wanda ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ɗan Ghana ne, to shi ma ɗan Ghana ne. Kuma ba ita kaɗai ba ce: a garuruwan haƙar zinariya na yankin Dunkwa da Wassa akwai irinta, yaran da uba ya tafi ya bar wa uwa wahala da surutun jama'a.

Na kira uwarta makaranta. Ta zo ɗauke da farantin tallarta, ta zauna a bakin kujera kamar wadda ta yi laifi. Ta ce shekara biyu na farko yana aiko da kuɗi, daga nan lambarsa ta daina shiga. Hoto ɗaya gare su. Ta ce, "Ticha, a Dunkwa ma haka suke mata, shi ya sa na dawo da ita wajen Hajiyata. Na ɗauka a zango ba za a yi mata ba."

Ban sami abin ce mata ba, sai haƙuri da na ba ta. Washegari na ajiye darasin da na shirya, na ba ajin labarin 1969, na ce kowa ya je gida ya tambayi tsofaffinsa inda suke a wannan shekara. Yaron da ya tsokane ta ya dawo da labarin ƙanen kakansa da aka loda a mota zuwa iyakar Aflao, ba a sake ganinsa ba. Ya karanta a gaban aji, muryarsa na rawa. Sunan Galamse bai ɓace gaba ɗaya ba, nakan ji shi jefi-jefi a filin wasa. Ita kuwa a makon jiya ta zo ta tambaye ni ko akwai taswirar da za ta nuna mata Guangxi, muka buɗe a wayata muka duba tare.