Dashen ƙwayoyin halitta ga mai raunin laka

'Yan'uwa, idan laka ta tsinke, saƙon ƙwaƙwalwa ba ya isa ƙafa, sai ta shanye. Likitoci na gwada dasa ƙwayoyin halitta na asali, masu rikiɗa su zama jijiya. A Jami'ar Keio ta Japan an yi wa mutum huɗu. A 2025 aka sanar biyu sun samu sauƙi, ɗaya har yana tsayawa.

To, ya halatta? A 2003 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta na jikin baligi da na cibiya, in da izini, ta haramta na cikin da aka zubar da gangan ba uzuri.

Amma fa muna jan kunne: har yanzu gwaji ne. Kada a sayar da gona saboda mai alkawarin warkewa. Wallahu a'alam.