Shawara Bayan Jinya: Yadda Ma'aikaci Mai Rauni Zai Koma Bakin Aiki



Duk wanda ya ratsa Muciya, a Sabon Garin Zariya, ya san unguwa ce ta masu cin gumin goshinsu: makanikai, masu walda, kafintoci, birkiloli da direbobi. Irin waɗannan sana'o'i ba sa rabuwa da haɗari. Idan injin ya datse yatsu, ko mutum ya faɗo daga gini, akan kai shi asibitin koyarwa na Shika, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, wani kuwa gun maɗori za a nufa da shi. To, ran da aka kwance bandeji sai dangi su ce an warke. A ganina ranar ce aka shiga kashi na biyu na jinya.

Da yake harshe ne fannina, bari in fara da kalmomi. Hausa ta bambance nasiha da lallashi da shawara. Mai nasiha daga sama yake magana, mai lallashi so yake a yi shiru, amma shawara tare ake yin ta. Mai rauni yakan sha nasiha har ta gundure shi: yi haƙuri, ƙaddara ce. Gaskiya ne, sai dai ba wanda ya tambaye shi abin da yake tsoro. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Haka kafintan da zarton lantarki ya yanka yakan ji gabansa na faɗuwa da jin ƙararsa. Ga kuma kunya, wai yaran da ya koya wa aiki su ga hannunsa na rawa.

A shekarar 1983 wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, William Miller, ya bayyana wata hanya ta tattaunawa wadda mai ba da shawara ke taƙaita faɗa, ya yawaita tambaya da sauraro, har dalilin canji ya fito daga bakin mutumin da kansa. Don mashaya ya tsara ta, daga baya aka ara ta domin masu komawa aiki. Tare da ita akan shirya komawa sannu a hankali: rabin yini tukuna, aiki mara nauyi, kamar karɓar kuɗi ko duba aikin yara, sannan a ƙara. Jinkiri shi ne abin gudu, domin gwargwadon daɗewar mutum a gida, gwargwadon wuyar komawarsa, kuma a ƙasarmu bara na nan tana jiran wanda ya fid da rai.

Ma'aikatan gwamnati da ke nan su lura da doka. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke riƙe da shi, ta kuma ba hukumar ikon kashe kuɗi wajen mai da mai rauni bakin aiki. Amma yawancin masu aikin hannu a Muciya ba su da takardar ɗauka, balle rajista. Nan ubangida shi ne hukuma. Saboda haka mai ba da shawara sai ya taka har gareji, ya zauna da maigida da shugabannin ƙungiyar sana'ar, ya kuma ji ta bakin matar mai raunin, wadda sau da yawa ita ce ke cewa kada ya koma.